Wanda Ya Koya Masa Busawa

Yaya ne ya riƙe katin asibitin, domin takarda ba ta zama a hannun Auta, sai ta yi ta kaɗawa kamar ganye. Shekara ashirin da biyu wa da ƙane suna sana'a ɗaya, feshin maganin ciyawa a gefen titi da filayen ƙwallo da bayan katangun ma'aikatu. Yanzu ga Auta, ko hamsin bai cika ba, yana jan ƙafa kamar mai tafiya cikin taɓo.

Likitar ta sa shi ya je bakin ƙofa ya dawo, ya buɗe tafin hannu ya rufe. Sannan ta ce ciwon daga ƙwaƙwalwa yake, akwai maganin da zai sassauta, amma ba a kai ga na warkewa ba. Da ta ji sana'arsa sai ta ajiye biro. Ta ce ba za ta rantse ba, akwai masu kamuwa da ba su taɓa goya tankin feshi ba, sai dai an fi ganin ciwon ga waɗanda suka daɗe suna cuɗanya da irin wannan magani. Ta tambayi safar hannu da takunkumi. Auta ya ce sun taɓa ganinsu, a hoton jikin galan.

Ta tambaya ko maganin ya taɓa shiga bakinsa. A hankali, da muryarsa da ta ƙanƙance, ya bayyana mata cewa idan bakin famfon feshin ya toshe, kwance shi ake yi a busa. Wata rana sau biyar, wata rana ya fi. Ɗacin kuwa sai a tofar.

Yaya ya tuna ranar da Auta ya fara aiki, ya zo da allura a aljihu don tsokale toshiya. Shi Yaya ne ya ƙwace ta a gaban abokan aiki, ya ce allura faɗaɗa huda take yi, in ɗinki yake so ya koma wurin Inna. Ya busa ya nuna masa. Bayan an ɗora shi a kan ma'aikata kuma ya daina busawa, duk famfon da ya toshe sai ya miƙa wa Auta yana tsokanarsa, wai huhun yaro ya fi na tsoho.

"Wa ya koya maka wannan?" in ji likitar.

Auta bai ko waiwayi wansa ba. "Ba kowa. Dabarata ce."

Suka fito suka zauna a benci suna jiran a kira su karɓar magani. Yaya ya yi ta kewaye-kewaye da maganar. Ya yi zancen zafin rana, ya yi zancen motar da za su hau, har dai abin faɗa ya ƙare masa.

"Auta, ni ne fa na koya maka."

"Na sani, Yaya. Ai ina wurin."

"To ka yafe mini."

Can Auta ya ce ya yafe.

Yaya ya juyo ya dube shi sosai. Tun suna yara bai taɓa buƙatar tambayar ƙanensa komai ba, fushi ko farin ciki a fuskarsa yake karantawa. Amma ciwon ya riga ya daskarar da fuskar nan. Ba murmushi, ba ɗaure gira, ko ƙiftawar kirki idon ba ya yi. Ya nema, ya sake nema, bai ga inda zai gane ko daga zuci maganar ta fito, ko kuwa rufa masa asiri aka sake yi ba.

Aka kira lambarsu. Yaya ya tashi ya kama shi ta hammata ya ɗaga shi, suka nufi tagar magani da 'yan gajerun taku, yana ta satar kallon gefen fuskarsa.