Moyna da Kofin Baƙi

Ban yi makarantar horon malamai ba. Abin da na sani a tsofaffin littattafai na tsince shi, shi ya sa duk abin da ya fito daga birni nake karɓarsa hannu biyu-biyu. Ranar da aka aiko mana da ɗan littafi daga birnin Barisal kan koya wa yara godiya, a ranar na zana bishiyar mangwaro a bangon aji uku, na yanka koriyar takarda kamar ganye, na raba.

Na ce kowa ya rubuta sunan wanda ke ɗawainiya da shi, a ƙasa ya sa kalmar godiya ta yarenmu, donnobad, ya kai gida ya karanta masa da babbar murya.

Kowa ya duƙufa, ban da Moyna, marainiyar da ke hannun ƙanwar mahaifiyarta, Jobeda, wadda take kira Khala.

"Mastar, ba a ce wa Khala haka," in ji ta. Mastar ake kiran malami a wajenmu.

"In ji wa?"

"Ba a cewa dai."

Da na tsaya na saurare ta, da an wuce wurin. Amma hedimasta na bakin taga yana kallo, ni kuma ina son ya ga na iya. Na ce, "Matar da ta ɗauke ki tun kina tsumma, ita ce ba za ki gode wa ba? Yara, me ake kiran mai irin wannan hali?"

"Butulu!" suka amsa baki ɗaya.

Ta rubuta.

Bayan kwana uku na same ta ita kaɗai a aji lokacin tara, kanta ya sha man kwakwa, idanunta a kumbure.

"Khala ta daina yi mini faɗa," in ji ta.

Har na yi dariya. "Kin ga amfanin godiya ke nan."

"A kofin baƙi take ba ni shayi. Ta hana ni shara. Jiya ta tambaye ni ko ina so a kai ni wurin dangin babana."

Sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ai na sani. Shekara arba'in da shida ban taɓa ce wa uwata donnobad ba. Likita ake ce wa, da ma'aikacin ofis, da baƙon da ya nuna maka hanya: mutumin da ya yi maka abin da bai zama dole ya yi ba. Yarinya 'yar shekara takwas ta gane haka, ni da furfurata na sa aka yi mata ihu.

Da la'asar na bi ta gida. Jobeda na tsakar gida tana gyaran kifi, ko kai ba ta ɗaga ba.

"A'a, Mastar mai ganye. Ka zo karɓar naka donnobad ɗin? Ya ƙare, an ba ni duka."

"Yaya Jobeda, laifina ne. Yarinyar nan ƙi ta yi. Ni na tilasta mata, na sa 'yan aji suka kira ta butulu."

Wuƙar ta tsaya.

"Ƙi ta yi?"

"Cewa ta yi ba a ce wa Khala haka."

Ta ajiye wuƙar. "Shekara takwas maƙwabta na ce mini ɗan wani ba ya zama naka. Ban taɓa kulawa ba. Sai ga ta ta tsaya a gabana ƙyam, tana karanta mini takarda kamar na ba ta masauki. Kai uwarka ka taɓa yi mata haka?"

"Ban taɓa ba."

"To ashe iliminka na 'ya'yan mutane ne."

Har yau ina juya abin a raina: in godiya wajibi ce, yaya furta ta zai zama yankan zumunci? Littafin birni bai yi ƙarya ba, Jobeda ma ba ta yi ba. Abin da na tabbata shi ne ni ba godiya na koyar ba ran nan, kaina nake tallatawa.

Moyna na raɓe a jikin ginshiƙi. Jobeda ta waiwaya.

"Ke kuma uwar kinibibi, bakinki ciwo yake da ba ki faɗa mini ba? Tsaye za ki yi kamar sandar rake? Ɗauki tukunyar nan ki wanke, kuma in na ga baƙi a gindinta sai na ja kunnen nan!"

Yarinyar ta sunkuci tukunya ta ruga bakin tafki, tana dariya tana share hawaye da kafaɗa.

Aka kawo mini shayi a kofin baƙi, farin nan mai zanen fure. Kalmar donnobad ta taho har bakina. Jobeda ta dube ni.

"Kai faɗi abinka, Mastar. Kai ai baƙo ne."

Na faɗa, a hankali, idona a ƙasa.