Jan Fentin Motar Milutin

Duk unguwar nan ta bakin kogi a garin Nish babu wanda bai san jar motar Milutin ba, domin ko ba ka tambaya ba sai ya ba ka labarinta. Tsohon malamin tuƙi ne, rabin unguwa a hannunsa suka koya, kuma abin tinƙahonsa a duniya guda ne: tun da motar nan ta baro kamfani ko ƙwarzane ba ta taɓa yi ba. Yakan daddaki bayanta a ƙofar shagon gahawa ya ce, "Fentin kamfani ne, ku duba da kyau." Mutane su duba, su jinjina kai.

Radoye mai fentin mota shi kam ba ya dubawa, kau da kai yake yi kada dariya ta ƙwace masa. Ya fi mai motar sanin motar. Zorka, matar Milutin, ita ta fara kawo ta garejinsa wata rana da maigidan ya tafi kamun kifi, ƙofar hagu a lotse, ita kuma ido duk ya raina fata. Bayan nan 'yarsu Bilyana ta gaji uwarta a wannan fanni, har ma ta fi ta ƙwazo. Yau bamba, gobe murfin but, har rufin motar sai da tukunyar fure ta faɗo masa daga bene. Radoye ya yi ta fesawa yana rufe baki, kuma a cikin wannan zirga-zirga ne ya kamu da son Bilyana, kamu na gaske, ita ma haka.

Matsalar ita ce uban. Da aka kai masa maganar sai ya ce, "Mai fenti? Mutumin da sana'arsa ke nan lulluɓe ɓarna? Wanda ya iya yi wa ƙarfe ƙarya, 'yata ce ba zai yi wa ba?" Bilyana kuwa ta rantse ba za ta yi aure ba sai da albarkarsa. Ranar Asabar za a yi bikin shekara-shekara na tunawa da waliyyin gidansu, ta ce Radoye ya zo ya sake gwadawa, shi kuwa bai san ta inda zai fara ba.

Ranar Alhamis da safe yana share gareji sai ga jar mota ta shigo a sukwane. Ya ɗago yana murmushi, ya zaci Bilyana ce. Milutin ne da kansa, ya ja hula har kan gira.

"Kai mai fenti, ja ƙofar nan."

Radoye ya ja ƙofa. Tsohon ya zagaya baya ya nuna bamba da baki. Gefen dama ya goge fari fat, faɗin tafin hannu.

"Wani maras aikin yi ya kafa turke a gaban gidan burodi," in ji Milutin. "A inda ba a taɓa yin turke ba."

Turken nan ya girmi Radoye, amma ya ce, "Kai, mutane ba su da kirki, Baba Milutin."

"Zorka ta tafi wajen 'yar'uwarta, sai yamma. In ka mayar da shi yadda ko ita ba za ta gane ba, to, mu ga abin da Asabar za ta yi."

Wani daɗi ya taso wa Radoye tun daga tafin ƙafa. Asabar! Ya jefar da tsintsiya, ya yi tuntuɓe da bokiti, ya ba bokitin haƙuri. Ya jawo wa tsohon kujera, ya haɗa masa gahawa, ya zuba sukari sau biyu don ya manta ya zuba na farko.

Shi dai jan fenti ba a yi masa gaggawa. Rana tana cin sa fiye da kowane launi, don haka lambar da kamfani ya rubuta ba ta da wani amfani a tsohuwar mota. Sai an kwance 'yar ƙofar tankin mai an ajiye a gaba, a yi ta ɗiga wannan a ɗiga wancan, a fesa a gutsuren kwano, a fita rana a gwada, a dawo a sake. Ga bamba roba ce, ba ta karɓar launi kamar ƙarfe. Rabin yini yake ci. Da Radoye yana cikin hayyacinsa da ya yi duk wannan a gaban tsohon, ko don ganin ido. Amma ina! Kansa ya riga ya tafi Asabar, yana ganin kansa cikin kwat a gefen Bilyana. Yana fito irin na mai nishaɗi, ya miƙa hannu can saman kanta ya sauko da wani gwangwani, ya motsa, ya fesa a kwano, ya buɗe ƙofa ya kara shi da jikin motar a rana.

Ya kanne ido ɗaya ya ce, "Saura ƙiris. Ta ɗan ƙara koɗewa tun wancan karon. Ɗigo ɗaya na rawaya, shi ke nan."

Ya ɗiga, ya sake fesawa, ya kara. Ba ka iya cewa ga inda kwano ya ƙare mota ta fara. Ya juyo yana washe baki, yana jiran yabo.

Milutin ya ajiye kofi a hankali. "Wane karon?"

Bakin Radoye ya tsaya a washe. Tsohon ya taso ya ɗauki gwangwanin, ya jijjiga shi kusa da kunne. Saura kaɗan a gindi. Jikinsa duk busasshen jan fenti ne, wani ya dalala a kan wani.

"Ba yau aka buɗe wannan ba. Yaro, wa ke kawo maka motata?"

Radoye ya ga ya shiga tsaka mai wuya. In ya faɗa, ya tona wa mata biyu asiri. In ya musa, ya zama maƙaryacin da aka ce shi ne. Ya ga Asabar tana kuɓuce masa ƙiri-ƙiri.

"Na taɓa ta, Baba, ba sau ɗaya ba. Amma wanda ya kawo ta ba zan faɗa ba."

"Ko da zan hana ka yarinyar?"

Radoye ya ce, "Ko da haka ne. Kamar yadda ba wanda zai ji na yau daga bakina."

Milutin ya fara zagaya motar, hannu a baya. Ya ɗora yatsa a ƙofar hagu, ya dubi Radoye. Radoye ya sunkuyar da kai. Ƙofar dama, ya sunkuyar. Bonet, murfin but, duk haka. Da tsohon ya dafa rufi cike da fata, Radoye ya sake sunkuyarwa.

"Har rufi? Kifar da ita suka yi?"

"Ba zan iya cewa ba, Baba."

"To ina fentin kamfanin?"

Radoye ya matsa ya nuna 'yar ƙofar tankin mai, wadda ba ta fi murfin kwanon miya ba. "Wannan kam ban taɓa fesa mata komai ba. Da ita nake gwada sauran."

Milutin ya daɗe yana kallon 'yar ƙofar. Kafaɗunsa suka soma rawa, Radoye ya tsorata, ya zaci kuka ne. Ashe dariya ce. Ta fashe masa har ya zube a kujera, hula ta faɗi, hawaye yana bin gashin bakinsa.

"Shekara da shekaru ina dukan fentinka ina kiran sunan kamfani! Su kuma munafukan nan biyu suna zuba mini miya suna cewa, 'Ai babu direba kamarka.'" Ya share ido. "To tsayuwar me kake yi? Fesa mana, yamma na zuwa. Kuma ban zo nan ba, ka ji ko?"

Kafin rana ta karkata bamba ta bushe a gaban fitilar zafi, sumul. Milutin ya duba ta a inuwa, ya duba ta a rana, ya shiga ya tayar da mota. Radoye yana tsaye riƙe da ƙofar gareji, bai san matsayinsa ba, kuma ba shi da ƙarfin halin tambaya.

Tsohon ya sauke gilashi. "Gwangwanin nan ya kusa ƙarewa. Ka haɗa wani, babba. Ni na koya wa matarka tuƙi, na san abin da ke gabanka."

Ya yi ribas a hankali, yana leƙen kowane madubi. Sai da jar motar ta sha kwana Radoye ya gane da wane suna aka kira Bilyana. Ya ƙwala ihu, ya rungumi gwangwanin ya shiga juyi da shi a tsakiyar gareji, ya manta bai rufe murfin ba.