Naman Wata Uku

Tun daga bakin ƙofa na ji gidan ya yi shiru fiye da kima. Firizata tana da wani gurnani mai hana baƙo barci, amma ranar tsit kake ji.

Duk dabarata a cikin firizar nan take. Ni na dami maigidana har ya yarda mu daina cefanen kullum, mu haɗa kuɗin wata uku mu sari nama da kaji da kifi, tunda sari ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Kwana biyu na yi ina yanka, ina wankewa, ina ƙullawa a leda, kowane ƙulli na girki ɗaya. Daga nan babu sauran kuɗin nama sai wata ukun sun cika. Ana haka ƙanwata ta haihu, muka kwashi yara muka tafi kwana huɗu, muka bar surukina, Baba, shi kaɗai a gida.

"Sannunku da hanya," in ji Baba. Ya fito yana dogara sanda, bakinsa har kunne. "'Yata, je ki duba mita. Ko motsi ba ta yi ba."

"Me ka kashe, Baba?"

"Komai da komai! Soket ɗaya bayan ɗaya na bi, tun ranar da kuka tafi. Ko fanka ban kunna ba."

To wa zan kama? Ni ce na yi wata guda ina bin mutanen gidan da masifa: a kashe fitila, a zare caja, wuta ba kyauta ba ce. Tsohon nan shi kaɗai ya ɗauki maganata da gaske.

Na wuce kicin, maigida yana bina a baya. Wani jan ruwa ya malalo daga ƙarƙashin firizar har gindin kabad. Na ɗora hannu a kan murfin, na ji shi da ɗumi.

"Buɗe mana," in ji maigida a hankali.

Na buɗe. Warin ya buge mu, maigida ya toshe hanci da hularsa. Ledojin sama sun kumbura, kifin ya narke.

"Na ƙasa fa? Wataƙila na ƙasan da sauran sanyi," ya ce.

Na naɗe hannun riga na zura hannu har kafaɗa. Ina ciro ƙulli, ina kwancewa, ina shinshinawa, ina jefawa a bokiti. Kowanne na ɗauko sai na ce wannan zai yi, kuma ba ya yi. Na can ƙasan ma ya yi kore-kore, yana santsi.

"In aka wanke da lemon tsami aka soya shi ƙayau fa?" in ji maigida.

"Yaranka za ka ba wa?"

Jijiyar wuyansa ta tashi, ya juya zai nufi falo wajen Baba. Na riƙo rigarsa da hannuna mai ƙarni.

"Wallahi kada ka faɗa masa. Ka ce firizar ce ta lalace."

Ashe mun makara. Baba yana tsaye a bakin ƙofar kicin, ban san tun yaushe ba. Ya dubi bokitin, ya dubi wayar firizar da ya naɗe da kyau ya rataye a ƙusa. Murnar nan duk ta zube daga fuskarsa.

"Baba, ba komai," na ce. "Dama tana ba mu matsala."

Bai ko kalle ni ba. Ya daɗe yana murza kan sandarsa.

"In Allah ya hore kun sake saye," ya ce, "ku cire ni a rabon. Dama haƙorana sun daina son nama."

Ya juya ya koma ɗakinsa, ya zauna bai kunna fanka ba. Ban yi wa naman kuka ba, amma wannan maganar ta karya min zuciya. Na durƙusa a gaban bokitin, hawaye na zuba, na rasa hannun da zan share su da shi.