Bututun Bayan Gidan Zakiyya

Zakiyya ta karɓi makullan gidan Lugbe ana tsakiyar damina. Ta daɗe tana sayar da tayil na daɓen ɗaki a wani shago kusa da rumbunan ajiyar kaya na Idu, tun mijinta yana raye, bayan rasuwarsa kuma ita kaɗai ta riƙe shagon har ta tara abin da ya sayi gidan. Ɗakunan haya ne a jere suna kallon juna, da tsakar gida mai siminti, da banɗakai a can ƙarshe. Wanda ya sayar mata ya shafe gidan da sabon fenti ruwan madara, ya kuma nuna mata shi da hantsi rana na ƙwallewa, bayan an yi kwanaki ba a yi ruwa ba.

Ranar da ta fara zuwa a matsayin mai gida, ruwa ya kwana yana zuba. Tun daga bakin ƙofa wani ɗoyi ya tare ta, har ta ja gefen mayafinta ta toshe hanci. Tsakar gidan ta cika da baƙin ruwa mai kumfa, abubuwan da bai kamata ido ya gani ba suna yawo a kai. 'Yan haya sun jera bulo suna takawa ɗaya bayan ɗaya. Wata mata tana soya ƙwai a bakin ƙofarta, ƙudaje na tashi daga ruwan suna sauka a gefen kaskon, ita ko a jikinta.

Juliet, mai aiki a wani kantin magani, wadda ta fi kowa daɗewa a gidan, ta fito riƙe da takalmanta a hannu.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Ga abin da ka saya."

Ita ce ta yi mata bayani cewa ramin sokawe na gidan, inda ƙazantar banɗakai ke taruwa, ya tsage tun bara waccan, kuma tsohon mai gidan ba ya kiran motar zuƙe masai sai ranar da zai kawo mai saye. Zakiyya ta koma mota ba ta ko zauna a gidan ba. Da ta isa gida ta wanke ƙafafunta da sabulu har sau biyu, ta jefar da takalman, amma warin ya ƙi fita daga hancinta. Ko abincin dare ta kasa ci.

A daidai wannan lokacin akwai wani abin da take bi. Ta gaji da ganin 'yan kwangila suna ɗibar tayil a shagonta, su kai wa ma'aikatu da sunansu, su ci riba ninki, ita kuwa sai godiya. Ta ƙudura sai ta yi rajistar kwangila da sunan kamfaninta. Wanda yake yi mata zirga-zirgar takardun wani ejan ne mai suna Kabir, ɗan gayu mai yawan turare, wanda ofishinsa bai wuce inuwar wata bishiya a gaban ginin da ake rajistar ba. Ya gama mata takardun kamfani da na haraji. Abin da ya rage shi ne shaidar cewa kamfanin ya taɓa yin wani aikin gini, da hotuna.

Da ta yi masa ƙorafin gidan a waya, sai ta ji yana murna. Ya ce ai Allah ne ya kawo sauƙi. Yana da wani Injiniya Sadisu, mai lasisi babba, wanda ya yi wa manya ayyuka. Zai gyara sokawen, a ɗauki hotuna, a sa aikin a matsayin na kamfaninta, tunda dai gidanta ne kuma ita za ta biya. Zakiyya ta juya maganar a ranta, ba ta ga ƙarya a ciki ba, ta amince.

Sadisu ya zo da farar mota da hular kwano, ya zagaya bayan gidan yana taɓe baki, ya ce ƙaramin aiki ne. Cikin 'yan kwanaki kuwa tsakar gida ta bushe ƙarau. Aka shafe bakin ramin da sabon siminti, aka ɗora wa Zakiyya hular kwano a kan ɗankwalinta, Kabir ya yi ta ɗaukar ta hoto tana nuna murfin da yatsa. 'Yan haya suka yi ta sa mata albarka. Juliet ce kawai ta ja ta gefe ta ce ita ba ta ga an haƙa sabon rami ba, ba ta kuma ga mota ta zo ta zuƙe tsohon ba, to ina ƙazantar ta tafi? Zakiyya ta tambayi Sadisu, ya yi dariya ya ce sabuwar fasaha ce, kada Hajiya ta wahalar da kanta da abin da ba fanninta ba. Ta ji haushin maganar, amma gidan ba ya wari, sai ta bar zancen.

A bakin hanyar shiga unguwar akwai wata dattijuwa, Margaret, mai sayar da ganyen miya. Duk zuwan da Zakiyya za ta yi sai ta tsaya ta sayi alayyafo da latas a wurinta, don ganyen ya fi na kasuwa kyau, kore shar, ga faɗi. Ta yi wa 'ya'yanta miyar taushe da shi, ta yanka musu latas ɗin ɗanye da tumatir.

Wata Asabar ta iske wani tsoho zaune a kan dutse a ƙofar gidan, ƙafafunsa duk ƙuraje sun yi jawur har ƙwauri. Ya miƙe ya gaishe ta, ya ce sunansa Abraham, mijin Margaret ne, kuma tun kafin a kafa tubali ɗaya a wannan unguwa kakanninsa suke noma a nan. Yanzu abin da ya rage masa ɗan lambu ne a bakin rafi. Ya roƙe ta ta biyo shi.

"Ni ban zo faɗa ba, Hajiya. Na zo ka gani da idonka ne."

Suka bi ta bayan katanga, suka gangara cikin ciyawa. Tun kafin su isa ta gane warin. A gindin wata bishiyar ayaba bakin wani bututun roba ya leƙo daga ƙasa, an rufe shi da buhu da ganye. Yana tsiyayar da baƙin ruwa mai kauri cikin rafin, tsutsotsi na motsi a lakar da ke ƙarƙashinsa. Abraham ya nuna mata sabuwar ƙasar da aka tona aka mayar, ta miƙe sak har katangar gidanta. Taku kaɗan daga nan, inda yake ɗiban ruwa da bokiti, ga kwamin alayyafo da latas a jere, kore shar.

Zakiyya ta dafa ayabar ta yi ta amai. Tsohon ya juya baya ya jira ta. Da ta ɗago ya gaya mata a hankali cewa jikarsa ta kwana uku a asibiti tana gudawa, kuma ya hana Margaret fitar da ganyen tun da ya gano bututun. Ya ƙara da cewa ba nata ne kaɗai ba. Ya nuna mata wasu bututai can sama, tsofaffi, masu tsiyaya kaɗan-kaɗan. Nata ne dai babba, shi ne ya ƙarasa kashe ruwan.

Ta samu Kabir da Sadisu a wani gidan abinci a bakin titin filin jirgi, suna shan farfesun kayan ciki. Ba ta zauna ba. Ta faɗi abin da ta gani. Sadisu bai ajiye cokali ba. Ya ce kowa haka yake yi a Lugbe, ruwan sama zai wanke, kuma waɗancan bututan da ta gani ma shi ya sa su, babu mai gidan da ya taɓa dawowa yana yi masa ƙorafi. Yana magana yana tsotsar wani guntun hanji, mai na gangarowa a gemunsa. Zakiyya ta kawar da kai don kada aman ya dawo.

Kabir ya sassauta murya, ya ce ta yi haƙuri, jibi ake rufe karɓar takardu, kuma bututun ai bai fito a hoto ba. Idan takardar ta fito sai ta gyara duk abin da take son gyarawa.

"Aikin farko na kamfanina ke nan? In sa hannu in ce ni na yi wannan?"

"Hajiya, babu wanda zai je ya duba."

"Ni na duba. 'Ya'yana sun ci ganyen nan. Cire hotunan, ka ba ni takarduna."

Kabir ya miƙo mata jakar takardun yana girgiza kai kamar mai tausayin mahaukaciya. Da ta karɓa ta ji maiƙon farfesu a jikinta, ta goge hannunta da mayafi.

Washegari ta kawo magina suka tone bututun suka toshe ramin da kankare. Ruwan farko da aka yi bayan nan, ƙazantar ta dawo tsakar gida, 'yan haya suka sake jera bulo, albarkar da suka sa mata ta koma tsaki da habaici. Mai soya ƙwai ta kwashe kayanta ta tashi, tana cewa ita ina ruwanta da lambun wani tsoho. Zakiyya ta karyar da tayil masu yawa a shago ta haɗa kuɗi, ta kira motar zuƙe masai, ta sa aka haƙa sabon rami mai zurfi da rodi da bulo. Kullum tana tsaye a kai da ƙyalle a hanci, don ta daina yarda da aikin da ba a gabanta aka yi ba. Ta je asibiti ta duba jikar Abraham, ta sayi duk ganyen da ke lambun ta sa aka ƙone.

Rajistar ta wuce ta a wannan shekarar. Sai a ta gaba ta samu, a mataki mafi ƙanƙanta, na masu kai kaya kawai, da shaidar cinikin shagonta. Da kanta ta yi ta hawa bene tana sauka, ba ta sake neman ejan ba.

Sauran bututan kuwa suna nan. Ta kai ƙara wani ofishi da ke kula da irin wannan, ta yi ta sintiri har suka turo mutum biyu. Suka tsaya nesa da rafin don kada takalmansu su ɓaci, suka ɗauki hoto, suka ce za a duba. Abraham ya riga ya kwashe irinsa ya koma wani ɗan fili can sama da unguwar, inda yake jan ruwa daga rijiya da guga.

Da ta raka jami'an bakin mota, babban cikinsu ya tsaya ya bar ɗan'uwansa ya yi gaba. Ya tambaye ta a hankali ko har yanzu tana da lambar injiniyan nan, wai shi ma yana da ɗan gidan haya a Kuchigoro, sokawensa na damunsa duk damina.

Zakiyya ta dube shi tun daga hula har takalmi. Ta tofar da yawu a gefen hanya, ta shige gidan hayar ta ja ƙofa.