Ofisoshi Uku da Injin Gyaɗa

Da mahaifinmu ya rasu, ya bar mana gonakin gyaɗa, da tsohuwar motar ɗaukar kaya, da 'ya'ya maza biyu waɗanda in ɗaya ya ce yau Talata, ɗayan sai ya je ya tambayo. Limbikani ne babba, Mavuto ke bi masa. Ni Tiyamike ni ce auta, ina da shagon ɗinki a kasuwar bakin titin Mchinji.

Bayan an tashi daga zaman makoki, yayyen nawa suka ce sun gaji da sayar wa 'yan Lilongwe gyaɗa da arha, sannan su sayi man gyaɗar a kwalba da tsada. Masana'antar matsar mai za su kafa. Kowannensu ya ja ni gefe ya shaida mini cewa daga kansa shawarar ta fito.

Suka ɗauko injiniya daga Blantyre, Mayi Chimwala, mace marar yawan magana, mai yawo da takalmin shiga ruwa a bayan motarta. Ta zagaya duk filayenmu, ta dawo ta ce abin da masana'anta ke so ba shi da yawa: hanyar da babbar mota za ta bi, wutar lantarki a kusa, da ƙasa mai tauri. Ta nuna wani fili a bakin kwalta, turken wuta na tsaye a gabansa kamar an aiko shi.

Aibin filin ɗaya ne. Yana jikin katangar gidan Mavuto.

"To, Achimwene, babban yaya," in ji Mavuto yana murmushi, "ka dai ji da kunnenka. Ba ni na faɗa ba, ilimi ne ya faɗa."

"Na ji," in ji Limbikani. "Ilimin da ya ci tuwon nsima da kaza a gidanka jiya. Ni a kan tudu za a gina, inda Baba ya fara noma. Duk wanda ya wuce a mota ya ɗaga kai ya ga sunanmu."

"Ya ga rufin gidanka dai. Motar gyaɗar fa, fiffike za a sa mata?"

Da abin ya ƙi ƙarewa aka kira Malume Yotamu, ƙanen mahaifiyarmu, wanda a danginmu ba a yanke magana sai da shi. Malume mutum ne mai adalci, irin adalcin da in mutum biyu na rigima kan riga zai yaga ta ya ba kowa hannu ɗaya. Ya saurare su, ya sha shayinsa, ya ce a kawo igiya. Aka auna daga ƙofar Limbikani zuwa ƙofar Mavuto, aka raba biyu, aka kafa turke a tsakiya.

Turken ya faɗa a cikin fadama.

Watan Oktoba ne, ko'ina ya bushe ƙurmus, amma wurin nan kore shar, shanu na kiwo. Malume ya ce wannan alamar albarka ce.

Mayi Chimwala ta tsaya ta dubi ciyawar. "Bambo," ta ce, yadda ake kiran maza da girmamawa a wurinmu, "kun tambayi kanku abin da ya sa nan kaɗai ke da ɗanyar ciyawa a wannan zafin?"

"Mayi, ke kin zo da karatu, mu kuma a nan aka haife mu," in ji Limbikani.

"Shi ya sa na zaci kun taɓa ganin wurin da damina."

Limbikani ya gamsu don ba a ƙofar Mavuto ba ne, Mavuto ya gamsu don ba a kan tudu ba ne. Ban taɓa ganin mutane biyu sun yi farin ciki haka da rashin samun abin da suke so ba.

Injiniyar ta faɗa musu sau biyu, a gaban Malume, cewa ba da yawunta ba. Sannan ta ce tunda sun nace, aƙalla a ɗaga daɓen ginin sama sosai. Ta zana musu yadda cikin zai kasance: gyaɗa ta shiga ta ƙofar gabas, a ɓare, a soya, a matse, a tace, a ɗura a kwalba, mai ya fita ta ƙofar yamma. Layi ɗaya miƙaƙƙe, ba mai karo da wani.

Limbikani ya juya zanen sama da ƙasa. "Ina ofishina?"

Ta nuna masa wani ɗan ɗaki a kusurwa. "Ga shi. Tebur biyu, kai da ɗan'uwanka."

"Ni da wa?"

Daga ranar aka shiga rabon fili. Limbikani ya yanki gefen gabas, ofis mai banɗaki a ciki, domin babban darakta ba ya bin layi da ma'aikata. Mavuto ya zo da tef ya auna, ya yanki daidai haka a gefen yamma, ya ƙara taku ɗaya wai kuskuren magini ne. Limbikani ya rama da ɗakin jiran baƙi. Aka tuna Malume ya zama shugaban kamfani, shugaba kuma ba ya zama a tsakar gida, aka ba shi nasa da ɗakin taro. Matar Mavuto ta ce ai dole a sami ɗakin baje kolin kaya. Matar Limbikani ta ce in dai za a baje, to ita ma akwai inda za ta zauna ta ga ana bajewa.

Na je kai musu abinci wata rana na tarar da Mayi Chimwala zaune a kan bulo, tana kallon abin da ya rage.

"Achemwali, 'yar'uwata," ta ce mini, "kin iya ɗinki. In aka kawo miki yadi aka ce ki fara yanke aljihu shida, me zai rage na rigar?"

Abin da ya rage wani lungu ne mai lanƙwasa kamar gwiwar hannu. Kuɗin cikon ƙasa kuwa ya tafi wajen ɗaga daɓen ofisoshi, don kowa ya ƙi yarda a hau matakala zuwa wurin ɗan'uwansa a sauka zuwa nasa. Wurin injuna aka bar shi a ƙasa, yadda Allah ya yi shi. Ranar da aka zuba simintin, injiniyar ta yi sallama da kowa cikin ladabi, ta koma Blantyre.

Da injuna suka iso, aka cusa su inda suka shiga. Injin suyar gyaɗa a wannan ƙarshen, na matsar mai a wancan, tsakaninsu ɗakin taro. Ma'aikata sai su ɗauko gyaɗa mai zafi a daro, su ƙwanƙwasa, su ce gafara, su ratsa ta bayan kujerar Malume. In ana taro, aiki ya tsaya. Taro kuwa kullum ne, yawanci kan dalilin da ya sa aiki ba ya sauri.

An yi bikin buɗewa da mawaƙan coci da akuya biyu. An sami man da ya cika kwalaben da aka jera a ɗakin baje koli, an ɗauki hoto.

Ruwan farko na Disamba ya sauka, fadama ta tuna aikinta. Motar gyaɗa ta nutse har gindi tun kafin ta kai ƙofa. Da safe ma'aikata suka tarar da ruwa iya gwiwa a wurin injuna, kwaɗi sun hau kan buhuna suna ta wa'azi, ƙuli-ƙulin da aka tara ya koma kunu. Ofisoshi kuwa ko ɗigo. Na tarar da yayyena kowa tsaye a kan matakalarsa da takalmi mai sheƙi, tafki a tsakaninsu.

"Da an bi tawa, da yanzu muna kan tudu," in ji Limbikani.

"Da an bi tawa, da yanzu muna da mota," in ji Mavuto.

Malume ya leƙo ta tagarsa ya ce laifin injiniya ne. Macen da ta san abu, ai ba sau biyu kawai za ta faɗa ba. Duka suka gyaɗa kai.

Sai da aka ɗauko shanun noma aka jawo injin matsar mai kafin tsatsa ta gama da shi. A bakin titi sabuwar rigima ta tashi: Limbikani ya ce ba za a kai gidan Mavuto ba, Mavuto ya ce sai dai a bi ta kansa a hau tudu. Na ga Malume ya fara waige-waigen igiya, sai na ce a ajiye a bayan shagona kafin su shirya. Suka yarda, don a ganinsu ni ba kowa ba ce, ajiya a wurina kamar ba a ajiye a ko'ina ba ne.

Ya yi wata biyu a ƙarƙashin tamfol, kajina na ƙwai a cikinsa. Da na ga shirin nasu ba ranar zuwa, na kira mai gyara ya wanke shi, na kafa rumfar kwano, na ja wuta daga shago. Na buga wa Mayi Chimwala waya na tambaye ta yadda zan jera kayan.

"Ofis nawa za ki yi?" ta ce.

"Ina da kujerar roba."

"To za ki yi mai."

Yanzu mata na kawo gyaɗarsu a soye, a matse musu, su tafi da mai da ƙuli. Layi kan kai har gaban mai gyaran keke. Yayyena na samun rabonsu duk wata, suna kuma zuwa duba aiki, kowa da ranarsa don kada su haɗu. Da rani suna komawa ofisoshinsu na fadama, inda aka ce akwai sanyi mai daɗi.

Makon jiya Limbikani ya daɗe yana zagaya rumfar, hannu a baya.

"Aiki na kyau, Tiya," ya ce. "Sai dai wurin ba tsari. Baƙo in ya zo, ina zai sami darakta?"

Na ce masa ya matsa, yana tsaye a kan hanyar daro. Ya matsa. Bai tafi ba sai da ya auna gefen rumfar da taku, daga turke zuwa katanga, yana motsa baki.