Mai Durƙuso a Allon Tagulla

Babu abin da Ottavio yake tsoro kamar tagulla, domin ba ta mantuwa. Ko an kankare fuska daga kanta, sai inuwar ta sake leƙowa a takarda idan ba a yi a hankali ba.

Tun safe yake kai da kawowa a maɗaba'a. Sarkin garin yana hanyar dawowa daga gudun hijira, kuma al'ada ce a miƙa masa littafin bikin tarbarsa a ƙofar gari, da hotunan dawaki da jama'a, tun kafin a yi bikin. Lokaci ya ƙure, don haka maigidansa Gaspare ya zaro wani tsohon allon tagulla na buga hoto daga ƙarƙashin buhunan takarda, wanda aka zana a shekarar da garin ya tarbi janar ɗin Faransawa da ya kori Sarkin. Littattafan wancan bikin duk an ƙone su a murhu. Allon ne kaɗai ya rage.

Ottavio ya riga ya cire kan janar ya sa na Sarki. Saura mutum ɗaya: wanda ya durƙusa gaban doki yana miƙa makullan gari, mai sanƙo da karyayyen hanci. Mahaifinsa ne, Baldassare.

Ya ɗauki makankara, ya ajiye. Ya leƙa taga, ya dawo, ya sake ɗauka.

"Kai, za ka huda mana daɓe da wannan zirga-zirga," in ji Gaspare, bakinsa cike da burodi da cuku. "Doki dai doki ne, durƙuso kuma durƙuso. Shafa tawada mu buga."

Kafin ya amsa sai ga Baldassare ya shigo, hula a hannu. Ya sunkuya kan allon ya daɗe yana kallon kansa.

"Ashe ban yi muni ba. Ka bar ni nan, ɗana. Wanda duk ya buɗe littafin zai ga Sarkina na durƙusa wa."

"Baba, ai ba kai za ka miƙa makullan ba. Celestino aka zaɓa."

"Celestino! Wannan da ba ya iya miƙe bayansa?"

"A kurkukun janar bayan ya lanƙwashe, saboda ya ƙi yin abin da ke cikin hoton nan."

Tsohon ya murza bakin hularsa. "Da ban durƙusa ba, da garin ya ci wuta, har da gadon da kake kwance a kai. Yanzu ko gaisuwata ba a amsawa a coci. A kan hanci guda kawai ake magana fa, Ottavio. Wa zai cutu?"

Ottavio ya san gaskiya ce. Ya kuma san bikin yini guda ne, littafin kuwa zai zauna a ɗakunan karatu bayan duk sun mutu, jikokin Celestino su buɗe su tarar da fuskar wani a gurbin kakansu.  Ya jawo kujera, ya daidaita allon wajen hasken taga.

"Maigida, yau ba za a buga ba," ya ce. "Baba, ka yafe mini. Zan kankare ka, in zana Celestino da lanƙwasasshen bayansa."