Abin da Matar Ta Faɗa wa Mai Kwale-kwale

Duk shekara idan sanyi ya kankama, ƙaramin gidan siliman da ke bayan tashar mota yakan ajiye finafinan duka da harbe-harbe, ya ɗauko tsofaffi da na ƙasashen nesa, irin waɗanda ake magana da yaren da ba wanda ya taɓa ji a unguwar, fassara tana gudu a ƙasan majigi. Samari ba sa leƙowa. Sai dattawa, da ɗalibai 'yan tsiraru, da Baba da Autarsa.

Baba tela ne kafin yanar ido ta rufe masa gani. Yanzu mutanen cikin fim inuwa ce kawai a wurinsa, balle rubutu. Auta ce take karanta masa. Ita kuma iyakarta firamare, guga take yi a shagon wanki, karatun nata da rarrafe yake tafiya. Kafin ta kai ƙarshen layi ya ɓace. Sai suka yi wa abin dabara. Sukan zauna can baya, a lungun bakin ƙofa inda iska ke shigowa, wurin da ba mai so. Takan zauna ta hagunsa, don kunnen daman ya yi nauyi, ta riƙe hannunsa. Idan namiji ne ke magana ta matsa babban yatsa, idan mace ce ta matsa ƙaramin, sannan ta raɗa masa abin da ta iya cafkowa.

A gida ma Auta ba mai magana ba ce. Baƙo na sallama take shigewa kicin. Yayarta takan ce, "Wannan ko ƙafa ka taka mata, ita za ta ba ka haƙuri." A duhun silima ne kaɗai bakinta yake buɗewa.

Wata rana suna fitowa, mai sayar da tikiti ta leƙo ta tagarta.

"Baba, albishirinka. Naka ya zo, na mai kwale-kwalen nan da kake damuna da shi. Ranar Asabar, kuma sau ɗaya za a nuna."

Baba ya tsaya cak, ya cire hula ya mayar.

Kowa a gidan ya san labarin wannan fim. Tun Baba yana da ƙarfinsa ya kai Mama kallonsa, tana da tsohon ciki. Labarin wani mai fito ne da wata mata da yake ƙetarar da ita kogi kullum, tana kai wa mijinta abinci a kurkuku. Ana tsakiyar kallo naƙuda ta taso, suka fita a guje, aka haifi Yaya. Fim bai sake dawowa garin ba. Har Mama ta rasu tana tsokanar Yaya da cewa, "Sarauniyar gaggawa, ke kika hana ni ganin ƙarshe."

Da labari ya iso gida Yaya ta tafa hannu. "Ku je ku gano, a wanke ni. Tun ina zanin goyo ake ɗora mini laifi."

Ranar Asabar sanyi har cikin ƙashi. Na'urar ɗumama ɗaki ɗaya ce kawai take aiki a zauren, ita ma a gaba, sai kowa ya dunƙule a layukan farko. Auta ta ja Baba za su nufi lungunsu, ya turje.

"Yau gaba za mu zauna, Auta. Ko inuwar ce, in gan ta da girma."

"Baba, akwai mutane."

"Mutane za su cinye ki ne?"

Suka zauna a tsakiyar jama'a, kafaɗa na gugar kafaɗa. Aka kashe fitila. Auta ta fara raɗa, muryarta ƙasa-ƙasa fiye da kullum, har sai da Baba ya karkato da kansa. Sannu a hankali ta manta da kowa. Mai fito ya ƙi karɓar komai daga hannun matar, Auta ta faɗa wa Baba. Matar ta ɗinke masa yagaggiyar riga, Auta ta faɗa masa, Baba ya ce ɗinkin ma daga ji ba na gwani ba ne. Da aka zo inda ruwa ya yi ƙarfi kwale-kwale ya fara tangaɗi, ya ce, "Nan uwarki ta fara cije leɓe. Daga nan ban san komai ba."

Aka ci gaba. Mijin ya rasu a kurkuku. Matar ta zo bakin kogi hannu biyu, ba kwano ba ɗauri, mai fito kuma zai bar garin gaba ɗaya. Ya miƙa mata hannu. Auta ta matsa ƙaramin yatsa, ta buɗe baki ke nan, sai mutumin da ke gabansu, mai tabarau da mayafi a wuya, ya juyo.

"Baiwar Allah, tun ɗazu muke haƙuri. Fim muka zo kallo ko karatun 'yan aji ɗaya?"

Wasu ɗalibai suka ƙyalƙyale da dariya. Fuskar Auta ta ɗauki zafi. Ta sunkuyar da kai tana kallon gwiwoyinta.

Baba bai ji abin da aka ce ba, ta kunnen daman maganar ta zo. Abin da ya sani kawai, Auta ta yi shiru.

"Me ta ce?" ya raɗa. "Auta, me ta ce masa?"

Matar tana ta magana, doguwar magana a hankali, muryarta na rawa. Mai fito ya amsa. Ta sake magana. Baba yana girgiza hannun Auta, ita kuwa hawaye sun cika mata ido, ko ɗaga kai ta kasa. Tana ta ce wa kanta, layi na gaba zan karanta, layi na gaba. Da ta samu ta ɗago, kiɗa ya riga ya tashi. Kwale-kwale yana can tsakiyar kogi, ya zama ɗan mitsitsi, ba a gane mutum ɗaya ne a ciki ko biyu. Aka kunna fitila.

A bakin titi Baba ya tsaya yana gyara rigar sanyi.

"To, ta shiga ko ba ta shiga ba?"

Ta so ta ƙirƙiro masa wani abu, amma ya san muryarta idan tana ƙarya.

"Ban gani ba, Baba."

"Barci kika yi?"

Da ƙyar ta faɗa masa abin da ya faru.

"Da kin taɓa ni, ai da na ba shi amsa. Shekara nawa ina fama da masu baƙar magana a shago?" Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ba komai. Mu je, sanyi."

Da faɗa ya yi mata da ya fi mata sauƙi. Suna shiga gida Yaya ta tarye su. "Yaya dai, an wanke ni?" Baba ya ce fim ya yi kyau, ya wuce ɗakinsa, shayin da aka ajiye masa ya huce a kan tebur.

Washegari da safe Auta ba ta nufi shagon wanki ba, silima ta koma. Ta tarar da mai tikiti tana share baranda.

"Ai an riga an mayar da shi, ƙanwata, na aro ne. Ni kuma ina waje ina buɗe ƙofofi. Mai haska fim ɗin ma kada ki wahalar da kanki, wayarsa yake dannawa." Ta nuna tsallaken titi da tsintsiya. "Ga wanda ya kalla ido buɗe can. Mutumin naki na jiya, shi ne mai kemis ɗin nan."

Auta ta tsallaka. Ta wuce ƙofar kemis ɗin, ta dawo, ta sake wucewa, sannan ta shiga. Bai gane ta ba.

"Me za a ba ki?"

"Ni ce ta jiya," ta ce, idonta a kan kwalaben magani. "Mai karatun 'yan aji ɗaya. Babana ba ya gani, shi nake karanta wa. Don Allah, matar ta shiga?"

Mutumin ya cire tabarau, ya riƙe shi a hannu kamar bai san inda zai ajiye ba.

"Subhanallahi. Ban sani ba, wallahi. Ki ba shi haƙuri." Ya mayar da tabarau. "Ba ta shiga ba."

"Me ta ce masa?"

Ya murza goshi. "Doguwar magana ce. Wani abu game da kogin, da mijin... Gaskiya ban riƙe ba. Bayan na yi miki magana ni ma hankalina ya rabu."

Ta yi godiya ta koma gida. Baba yana zaune a bakin ƙofa yana shan hantsi. Ta durƙusa kusa da shi.

"Baba, ba ta shiga ba."

"Me ta ce?"

"Shi ne ban samo ba."

Ya jinjina kai a hankali. "Uwarki ta ce ba za ta shiga ba. A hanyar asibiti ma muna ta musu." Ya juya fuska wajen rana. "Je ki, kin makara."

Auta ta ɗan jira ko zai ƙara wani abu. Ta tashi ta kama hanyar shago.